Littafin Adashi a Harshen Python: Jeri, Ƙunshi, Ƙamus da Tari

Kowace manhajar kwamfuta aiki biyu take yi: tana ajiye bayani, tana kuma sarrafa shi. Yadda ake zuba bayanin a ƙwaƙwalwar na'ura, domin a same shi lokacin da ake nemansa, shi ake kira tsarin bayanai. Masanin kwamfuta ɗan ƙasar Suwizalan, Niklaus Wirth, ya gina wani sanannen littafinsa na 1976 a kan cewa manhaja matakan aiki ce haɗe da tsarin bayanai. Mai koyo yakan fi mai da hankali ga matakan aikin, domin su yake gani suna motsi a kan allo. Amma yawancin wahalar da zai sha daga baya tana fitowa ne daga ɗaya ɓangaren, wato ya zuba bayani a mazubin da bai dace da shi ba.

Harshen Python yana cikin waɗanda aka fi fara koyar da masu tasowa da su. Guido van Rossum ya fara rubuta shi a watan Disamba na 1989, a cibiyar binciken lissafi da kwamfuta ta CWI da ke Amsterdam a ƙasar Holan, ya kuma fitar da shi ga jama'a a Fabrairun 1991. Kafin nan ya yi aiki a kan wani harshe mai suna ABC, wanda aka tsara domin sababbin shiga, daga can kuma ya ɗauko ra'ayin cewa mazuban bayani na yau da kullum su zo a shirye cikin harshen. A harshe irin C, wanda yake son jeri mai ƙaruwa da kansa sai ya gina shi da hannunsa. A Python akwai guda huɗu da suke jiran mai aiki tun daga layin farko. Na ɗaya jeri, wanda ake bugawa list. Na biyu ƙunshi, wato tuple. Na uku ƙamus, wato dict. Na huɗu tari, wato set.

A Kumasi ƙofofin koyon wannan harshe suna ƙaruwa. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda ta fara a matsayin kwaleji a 1952, tana koyar da ilimin kwamfuta, haka ma Jami'ar Fasaha ta Kumasi. Manhajar karatun firamare da aka sabunta a 2019 ta shigar da darasin kwamfuta tun daga aji huɗu. A watan Agusta na shekarar ne aka yi taron farko na masu amfani da Python na nahiyar Afirka a Akra, a Afrilun 2025 kuma gwamnati ta ƙaddamar da shirin horar da mutum miliyan ɗaya a kan rubuta manhaja. Sai dai matashin unguwar Dichemso da ya buɗe littafin koyo yakan tarar da misalan wata duniya, na tuffa da lemo da sunayen ma'aikatan wani kamfani a Amurka. Alhali a unguwarsa, da Aboabo da Asawase da Sabon Zango, akwai wani tsarin bayanai da ya girmi kwamfuta, wanda kusan kowane gida ya sani: littafin uwar adashi, abin da mutanen Gana suke kira susu. A ce mutum 12 ne suke zuba sidi 50 kowane mako, mutum ɗaya yana kwasar sidi 600. Wannan ɗan littafi ya ƙunshi duk tambayoyin da mazuban nan huɗu suke amsawa.

Tambaya ta farko ita ce: wa zai kwasa, kuma bayan wa? Wannan aikin jeri ne. Ana rubuta shi da baka biyu masu kusurwa, sunaye a ciki, waƙafi tsakanin kowane suna da na gaba. Jeri yana riƙe tsari yadda aka ba shi, yana yarda abu ɗaya ya fito sau biyu, kamar mai hannu biyu a adashi, ana kuma iya canza shi bayan an yi shi. Umarnin append yana ƙara suna a ƙarshe, insert yana cusa shi a tsakiya, remove yana cire wurin farko da sunan ya bayyana ya bar sauran, len kuma yana faɗin yawan abin da ke ciki.

Tuntuɓen farko yana wajen ƙirga. Python daga sifiri yake fara ƙirga gurabe. Mai kwasar farko yana gurbi na 0, ta biyu tana gurbi na 1, na ƙarshe cikin mutum 12 yana gurbi na 11. Wanda ya nemi gurbi na 12, saƙon kuskure zai samu, cewa ya wuce iyakar jerin. Hanya mafi sauƙi ta fahimtar wannan ita ce a ɗauki lambar gurbi a matsayin yawan mutanen da ke gaban mutum: na farko babu kowa a gabansa, saboda haka sifiri ne. Haka nan idan aka yanko wani yanki na jeri, aka rubuta 0, ruwa biyu, 3, abin da zai fito mutum uku ne, na gurbi 0 da 1 da 2, ban da na 3. Masanin Holan Edsger Dijkstra ya kare wannan tsari a wata gajeriyar takarda a 1982, hujjarsa kuma tana da ƙarfi. Idan aka debe lambar farko daga ta biyu, yawan abin da aka yanko ne yake fitowa. Yankin 0 zuwa 3 da yankin 3 zuwa 6 suna haɗuwa baki da baki, babu wanda aka tsallake, babu wanda aka ƙirga sau biyu. Adashi ma yana cin moriyarsa: idan zagaye ya cika aka shiga na biyu, a raba yawan makonnin da suka wuce da 12, ragowar ita ce gurbin mai kwasa. Mako 12 sun wuce, ragowa sifiri, an dawo kan na farko ba tare da wani gyara ba. Lamba mai alamar debewa kuma daga baya take ƙirgowa, debe 1 shi ne na ƙarshe ko da ba a san tsawon jerin ba.

Jera sunaye bisa haruffa yana da hanyoyi biyu, bambancinsu kuma ya isa ya jawo rigima a adashi. Umarnin sort yana juya jerin ne a inda yake, tsohon tsari ya tafi ke nan, wadda aka yi wa alkawarin kwasar farko ta koma ta tara. Umarnin sorted kuwa sabon jeri yake fitarwa, ya bar na asali yadda yake. Akwai ƙarin tarko: sort ba ya mayar da komai ga wanda ya kira shi, don haka ɗalibin da ya ce a ajiye sakamakon sort a ƙarƙashin sunan jerin, zai waiga ya tarar sunan ba ya riƙe da komai. Dabarar jerawar da ke aiki a ƙarƙashi Tim Peters ne ya rubuta ta a 2002, tana kuma da wata siffa mai amfani: abubuwa biyu da suka yi kunnen doki suna zama a tsarin da suka zo da shi.

A nan mai rubuta Hausa yana da matsalar da littattafan Turanci ba su ambata ba. Python na 3, wanda ya fito a Disamban 2008, yana karɓar haruffan duniya ta tsarin Unicode, don haka ƙ da ɗ da ɓ da ƴ suna shiga lafiya, haka haruffan Tuwi masu buɗaɗɗen baki, haka rubutun ajami. Har sunan jerin kansa ana iya sa masa harafi mai lanƙwasa. Amma wajen jerawa, lambar da Unicode ya ba kowane harafi ake bi. Ƙaramin z lambarsa 122, ƙaramin ƙ kuwa 409, ɓ 595, ɗ 599. Sakamakon shi ne suna irin Ɗanladi zai faɗo bayan Zakari, maimakon ya biyo bayan Dauda. Manyan baƙaƙen Turanci ma duk suna gaban ƙanana, suna ɗaya da aka manta aka fara da ƙaramin harafi sai ya koma can ƙasa. Maganinsa shi ne a ba umarnin jerawa ma'auni na musamman, wanda zai gaya masa matsayin kowane harafi a abacadar Hausa. Darasi ne da ya cancanci a koyar da shi tun a makon farko a kowane ajin zango, domin duk rajistar makarantar Islamiyya ko ta ƙungiya da za a rubuta sai ta ci karo da shi.

Abu mafi wuyar shiga kai game da jeri shi ne alaƙarsa da sunansa. Idan aka ce sabo daidai yake da tsoho, Python bai kwafi komai ba. Jeri ɗaya ne ya samu suna na biyu, kamar mutumin da ke da sunan yanka da laƙabi: in aka aske wa mai laƙabin kai, mai sunan yankan ma ya sha aski. Ɗalibi zai ɗauka ya yi ajiyar kwafi, ya goge sunaye daga sabon, ya dawo ya tarar tsohon ma ya ragu. Mai son kwafi na gaske sai ya kira copy. In kuma jerin yana ɗauke da wasu jeri a cikinsa, copy na waje kawai yake kwafa, na ciki suna nan a haɗe, sai an nemi deepcopy. Kusa da wannan akwai kuskuren cire abu daga jeri alhali ana cikin bin sa ɗaya bayan ɗaya. Da an cire na gurbi 2, na gurbi 3 ya matso ya maye wurinsa, mai bi kuma ya riga ya wuce gaba, wanda ya matso ya tsira ba a duba shi ba. Na'ura ba za ta yi ƙorafi ba, lissafi ne kawai zai fito ba daidai ba. Abin da ya fi shi ne a gina sabon jeri na waɗanda ake son bari.

Ƙunshi maganarsa ba ta da tsawo. Jeri ne da ba a canzawa bayan an yi shi. Ana rubuta shi da baka biyu na yau da kullum, kodayake waƙafin ne yake yin sa, shi ya sa ƙunshi mai abu ɗaya tilo dole a bi abin da waƙafi. Ya dace da bayanin da kowane gurbi yake da ma'anarsa: suna, ranar zubi, adadin kuɗi. An yi zubin, ya wuce, bai kamata wani layi na manhaja ya taɓa shi bisa kuskure ba, in ya gwada kuwa Python zai dakatar da shi. Matsayin wuri a taswira ma haka ne. Kumasi tana wajen digiri 6.7 arewa da digiri 1.6 yamma, lambobi biyu da in aka sauya musu wuri an koma wata duniya dabam. Ana iya kwance ƙunshi a layi ɗaya, a raba abin da ke cikinsa ga sunaye uku lokaci guda. Abin lura ɗaya: in aka sa jeri a cikin ƙunshi, jerin yana nan da halinsa na canzawa, ƙunshin dai ba zai yarda a musanya shi da wani ba.

Tambaya ta gaba ita ce wadda uwar adashi ta fi sha: wance nawa ta zuba zuwa yanzu? Sabon ɗalibi yakan yi jeri biyu, ɗaya na sunaye, ɗaya na kuɗi, yana fatan gurabensu za su ci gaba da tafiya tare. Ranar da aka cire suna daga na farko aka manta da na biyu, kuɗin kowa ya koma kan maƙwabcinsa. Ƙamus aka yi domin wannan. Kowane abu a cikinsa biyu-biyu ne, mabuɗi da abin da aka ajiye a ƙarƙashinsa, ruwa biyu a tsakaninsu, duka a cikin baka biyu masu lanƙwasa. Ba a neman abu da lambar gurbi, da mabuɗinsa ake nema.

Mabuɗi ba ya maimaituwa, wannan kuma shi ne ƙarfin ƙamus da haɗarinsa. In akwai A'isha biyu a ƙungiya aka yi amfani da suna a matsayin mabuɗi, bayanin ta biyu zai hau kan na ta farko ya shafe shi, ba gargaɗi ba sallama. Don haka zaɓen mabuɗi shawara ce da ake zama a yi. Lambar waya ta fi suna, tunda ana iya yin zubi ta MoMo, tsarin aika kuɗi ta waya da MTN ya kawo Gana a 2009. Amma lambar waya a Gana da sifiri take farawa, 024 ko 020 ko 027, in aka mai da ita lambar lissafi sifirin zai faɗi, lamba goma ta koma tara. Dole a ajiye ta a matsayin rubutu, tsakanin alamar buɗe magana da ta rufewa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk lambar da ba za a tara ta da wata ba, rubutu ce. Lambar Ghana Card da ke farawa da GHA, da adireshin GhanaPostGPS da aka ƙaddamar a Oktoban 2017, wanda na tsakiyar Kumasi yake farawa da AK, duk a wannan sahu suke. Kuɗin kansa ya fi aminci a ajiye shi da fesewa, sidi 50 ya zama 5000, domin lambobi masu ɗigo ba sa zama daidai a cikin na'ura. Wanda ya tara 0.1 da 0.2 a Python zai ga 0.30000000000000004.

Neman mabuɗin da babu shi yana tsayar da manhaja da saƙon kuskure. Umarnin get yana kauce wa wannan, a ce masa in bai samu ba ya kawo sifiri. Da wannan ɗan umarni ake yin ɗaya daga cikin ayyukan da suka fi yawa a rubutun manhaja, wato ƙirga da tarawa: a bi jerin zubi ɗaya bayan ɗaya, a ɗauko abin da mai zubin yake da shi a ƙamus ko sifiri, a ƙara sabon, a mayar. Layi uku ne, kuma da su ake ƙirga ƙuri'u, da kalmomin littafi, da buhunan masara da suka shiga shago a kasuwar Kejetia.

Yadda ƙamus yake samo abu nan take ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne yake bayyana dokokinsa. Dabarar ta samo asali ne daga wata takarda da Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ya rubuta a 1953. Python yana ɗaukar mabuɗi ya niƙa shi ta wani lissafi, ya fito da lamba. Daga lambar nan ake sanin gurbin da za a ajiye abin. Ƙaramin ƙamus da gurabe takwas yake farawa. In aka zo nema, sai a sake niƙa mabuɗin, lamba ɗaya za ta fito, a tafi gurbin kai tsaye ba tare da duba sauran ba. Wani lokaci mabuɗai biyu sukan faɗa gurbi ɗaya, sai na biyun ya bi wata ƙa'ida ya nemi wani gurbin da babu kowa. Domin kada irin wannan karo ya yi yawa, da zarar kashi biyu cikin uku na guraben sun cika, Python yana yin babban wuri ya sake rarraba komai. Daga nan dalilin wata doka yake fitowa fili: ba a yarda jeri ya zama mabuɗi ba. Da an canza abin da ke cikinsa lambar niƙansa za ta canza, a je nema a gurbin da ba a ajiye ba. Rubutu da lamba da ƙunshin da babu jeri a cikinsa ba sa canzawa, saboda haka sun halatta. Ƙunshin lambar waya da lambar mako, misali, mabuɗi ne mai kyau ga tambayar ko wance ta yi zubin mako na bakwai.

Akwai wani sauyi da ya kamata mai karatu da tsofaffin littattafai ya sani. A da, ƙamus ba ya riƙe tsarin da aka zuba masa abubuwa. Daga Python 3.7, wanda ya fito a Yunin 2018, riƙe tsarin ya zama alkawarin harshen. Littattafan kwamfuta na hannu da ake sayarwa a bakin titi da yawansu sun girmi wannan shekara, wasu ma na Python na 2 ne, wanda aka daina kula da shi tun ranar 1 ga Janairun 2020. Duba shekarar bugu kafin saye ya fi duba kaurin littafi.

Saura tambayar ranar zubi: su wa ba su kawo ba? Tari yake amsa ta. Tari ba shi da tsari, ba shi da lambar gurbi, ba ya kuma riƙe abu ɗaya sau biyu. Ya shigo Python a makare, sai a fitowa ta 2.4 a shekarar 2004 ya zama ɗan gida. Wanda ya yi ƙaramar sakandare a Gana ya riga ya san shi daga darasin lissafi, inda ake zana da'irori masu shiga juna, zanen da John Venn ya fito da shi a 1880. A yi tarin dukkan 'yan adashi, a yi tarin waɗanda suka zuba, a debe na biyu daga na farko da alamar debewa, abin da ya rage su ne ake bi bashi. In uwar adashi tana riƙe da ƙungiya biyu, mahaɗar tarin biyu ita ce waɗanda suke zubi a duka biyun, gamayyarsu kuma ita ce yawan mutanen da take hulɗa da su ba tare da an ƙirga kowa sau biyu ba. Ana rubuta tari da baka masu lanƙwasa irin na ƙamus, amma bakan da babu komai a ciki ƙamus ne, mai son tari fanko sai ya kira set.

Tari yana share maimaici, amma maimaicin da ya gani harafi da harafi. A zangon Kumasi mutum ɗaya yana iya zama Muhammadu a littafin makarantar allo, Mohammed a katin shaida. Isa ya zama Issah, Husaini ya zama Fuseini. A wurin na'ura waɗannan mutane dabam-dabam ne. Ko tazara ɗaya da yatsa ya ƙara a ƙarshen suna ta isa ta raba mutum biyu. Umarnin strip yana share tazarar, lower yana mai da haruffa ƙanana, amma bambancin rubutun suna babu umarnin da zai warware shi, sai dai a koma ga lambar da ba ta da tagwai.

Bambancin sauri tsakanin jeri da tari ba ya bayyana a kan mutum 12. Yana bayyana ne idan bayani ya yi yawa. In aka tambayi jeri ko wani abu yana cikinsa, daga farko yake bi yana kwatantawa har ya samu ko ya ƙare. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen Gana sun kai miliyan 30.8. Neman mutum ɗaya a jeri mai wannan tsawo zai ci kwatance wajen miliyan 15 a matsakaici, in kuma ba ya ciki sai an bi duka. Tari da ƙamus, saboda dabarar niƙan nan, taku ɗaya ko kaɗan suke yi, ko mutum goma ne ko miliyan talatin. Abin da suke biya shi ne wuri, domin guraben da suke bari fanko ƙwaƙwalwa suke ci. Jeri ma yana da inda yake da nauyi: ƙari a ƙarshensa ba wuya, amma cusawa ko cirewa a farkonsa yana sa duk na baya su matsa. Mai son layi irin na wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama, akwai deque da ke zuwa tare da Python domin haka.

Daga nan ake gane cewa haddace umarni ba shi ne gwaninta ba, domin umarnin duk suna rubuce a babi na biyar na littafin koyarwar Python na hukuma, ga mai son dubawa. Gwanintar tana wajen tambayar da ake yi kafin a buga harafi ɗaya: me za a riƙa tambayar wannan bayani? In wa ke gaba da wa ne, jeri. In nawa ne na wane, ƙamus. In yana ciki ko ba ya ciki, tari. In abu ne da aka gama, ba a son a taɓa, ƙunshi. Aiki na gaske kuma haɗa su yake yi. Cikakken littafin adashi ƙamus ne da lambar waya take mabuɗinsa, a ƙarƙashin kowace lamba akwai jeri, a cikin jerin akwai ƙunshin kowane zubi. Bayanan da manhajojin waya suke aika wa juna ta intanet a tsarin JSON, in suka shigo Python ƙamus da jeri suke zama, wani a cikin wani. Wanda ya iya bin irin wannan gini hawa-hawa ya kama hanyar aiki da bayanan banki da na asibiti.

Rashin kwamfuta matsala ce ta gaske a unguwannin zango, amma a wannan darasi ba ta kai yadda ake zato ba. A Fabrairun 2018 hoton malam Richard Appiah Akoto ya zaga duniya, yana zana fuskar Microsoft Word da alli a allon wata ƙaramar sakandare da ke Sekyedumase, a nan yankin Ashanti, saboda makarantar ba ta da na'ura. Word sai da na'ura ake iya shi, amma tsarin bayanai a kan allo ya fi fitowa. A zana akwatuna a jere da lambobinsu daga sifiri, a zana suna da kibiya tana nuna jerin, a zana suna na biyu da tasa kibiyar tana nuna wuri ɗaya. Ɗalibin da ya ga kibiyoyi biyu sun haɗu a kan akwati ɗaya ba zai ƙara ruɗewa da maganar kwafi ba. Shafin Python Tutor, wanda Philip Guo ya fara a 2010, irin wannan zane yake yi layi bayan layi. Ga mai wayar Android akwai Pydroid 3, wadda take gudanar da Python ba tare da intanet ba bayan an sauke ta. A kwamfuta akwai IDLE da ke zuwa tare da harshen, da Thonny da aka yi a Jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya domin masu koyo. Python kansa kyauta ne. Ɗabi'ar da ta fi kowace amfani ita ce ɗalibi ya rubuta a takarda abin da yake zaton zai fito kafin ya danna, sannan ya kwatanta. Inda zatonsa ya saɓa wa na'ura, nan ne darasin ranar yake. Saƙonnin kuskure da Turanci suke zuwa, layin ƙarshe kuma shi ne mai faɗin abin da ya faru, malamin da ya fassara wa ɗalibansa guda biyar da suka fi fitowa ya rage musu tsoro mai yawa.

Mazuban nan huɗu suna da iyaka guda da ya wajaba a sani. Dukkansu a ƙwaƙwalwar wucin gadi suke zaune. Da an rufe manhaja, ko batir ya mutu, ko an ɗauke wuta, abin da mutanen Gana suka sa wa suna dumsor, duk abin da ke cikinsu ya tafi. Bayanin da ake son a tarar gobe sai an rubuta shi a fayil. Python yana zuwa da kayan yin hakan: csv domin bayani mai layi da gurabe wanda Excel zai iya buɗewa, json domin ƙamus da jeri masu shiga juna. A json ƙunshi jeri yake komawa, tari kuma ba ya shiga sai an fara mai da shi jeri, mabuɗin da yake lamba ma rubutu yake dawowa. Idan ƙungiya ta girma, bayanai suka kai dubbai, ana kuma son tabbacin cewa zubin da aka fara rubutawa ko dai ya shiga gaba ɗaya ko bai shiga ba sam, lokacin rumbun bayanai ya yi. Na farkon da ɗalibi zai taɓa, sqlite3, shi ma yana cikin Python, layukan da yake fitarwa kuma a matsayin jerin ƙunshi suke zuwa hannun mai tambaya.